Sunan da Ke Bakin Rijiya

Ina cikin shanya a tsakar gida ranar wata Talata da hantsi aka buga ƙofa. Tsohon masinjan ofishin su Malam ne. Ya ƙi shigowa, ya kuma ƙi haɗa ido da ni. Ya ce Malam ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin ajiyar takardu, an kai shi asibiti. Na ce bari in ɗauko mayafi. Ya ce, "Ba sai kin yi sauri ba." Daga nan na gane. Jiƙaƙƙiyar rigar Malam ce a hannuna, na rasa inda zan ajiye ta.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Abin da na tuna shi zan rubuta, yadda ya zo mini.

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana rajistar haihuwa da mutuwa. Ya fara a ƙaramin asibitin ƙauye, daga baya aka dawo da shi babban ofishin gunduma. Ya yi ritaya amma bai daina zuwa ba, don shi kaɗai ya san inda kowane littafi yake.

'Ya ɗaya gare mu, muna ce mata 'Yar Baba, tana koyarwa a firamare. Zan faɗi maganar tun yanzu don kada in yi ta kewaye-kewaye: ba ni na haife ta ba. Ƙanwata ce ta haife ta, ta rasu kwana tara da haihuwa. Uban mai haƙa rijiya ne, ƙasa ta rufta masa tun cikin yana wata bakwai. Danginsa suna nesa, suka bar mana ita. Ba a jima ba aka yi wa Malam canjin wurin aiki, muka shigo garin nan da jaririya a baya. Kowa ya ɗauka tamu ce, muka yi shiru. Ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba.

Malam bai taɓa rubuta ƙarya a littafi ba, gaskiyar ya rubuta. Sai dai littafin shekarar, shekarar da aka yi babbar ambaliya, ya ɗauko shi ya kawo gida, yana ƙasan akwatina. Yakan ce, "In mijin aure ya zo ni zan gaya mata da bakina. Ba za a ɗaura mata aure da waliyyin ƙarya ba." Ya tafi ya bar ni da maganar. Tsorona ɗaya ne a duniya, ranar da za ta sani ta daina ce mini Umma.

Kwana uku da rasuwar wani dogon saurayi ya zo gaisuwa, jaka a kafaɗa, fensir a maƙale a kunne. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce laburaren gunduma ne ya ɗauke shi aikin tattara tarihin ƙauyuka da asalin gidaje, wa ya haifi wa, daga ina suka taso. Ya ce Malam ne ke nuna masa tsofaffin littattafai.

'Yar Baba ta kawo masa ruwa. Ya ɗaga kai zai karɓa, ya gan ta, sai ya sunkuyar da kai da sauri har fensirin ya zame ya faɗa cikin kofin. Kwana uku tana kuka, ranar ta yi dariya, ta yi maza ta toshe baki da mayafi. Shi kuma ya tsamo fensirin ya shanye ruwan a haka don kunya.

Na ga wannan duka, ban so ba.

Bayan kamar wata guda ya dawo da tabarau da hular Malam da aka bari a ofis. Na yi godiya. Har ya miƙe sai ya ce, "Umma, akwai littafi ɗaya da ban gani ba a jerin, na shekarar ambaliya. Ko Malam ya taɓa yi muku zancensa?"

Na ce, "Ni ina ruwana da littattafan ofis?"

Ya ce, "Haka ne. Ku yi haƙuri."

Da ya fita na shiga ɗaki na taɓa akwatin, na tabbatar yana kulle.

Makarantar su 'Yar Baba tana kan hanyar laburare, ban san lokacin da suka fara shiri ba. Na dai wayi gari yana zuwa ranar Asabar da la'asar, su zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin tagata. Ni kuma in jawo tire in zauna daga ciki ina tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa.

"Kai wai duk wanda ka gani sai ka tambaye shi kakansa?" in ji ta.

"Ke ai ban tambaye ki ba."

"Don me?"

"In na gan ki tambayoyin watsewa suke yi."

"Ka ji ka, Mai Fensir. Wai ma me ya hana ka riƙe biro kamar kowa? Ko ɗalibaina sun wuce fensir."

"Ƙa'idar aikin ke nan. Abin da baki ɗaya ya gaya mini, da fensir nake rubutawa. Sai na ji shi daga baki na biyu, wanda bai haɗu da na farkon ba, sannan in bi da biro. Tsofaffi ba ƙarya suke yi ba, amma kowa yana son kakansa ya zama shi ya fara sare dajin."

"To ni da me ka rubuta ni?"

"Ke tun ranar farko da biro."

"Baki nawa ka ji?"

"Idona biyu ne suka ba da shaida."

Ta yi ta dariya. Ni kuwa ina lissafi. Na ce a raina, wannan yaron littafi yake nema, ya ga ƙofar gidan ta wajen yarinyar take.

Allah ya yafe mini, na fara duba wayarta in ta shiga wanka. Karatuna a hankali yake, saƙo ɗaya sai ya cinye mini rabin wankan. Akwai wanda na haddace:

"Malamar zuciyata, yau na zaga ƙauye uku. Na sami wani tsoho da ya jero mini kakanninsa bakwai bai yi tuntuɓe ba. Ni kuwa suna ɗaya nake ta maimaitawa a kan babur. Kin ci abinci?"

Ta ba shi amsa: "Na ci. Ka dinga kallon hanya, kada ka faɗa rami kana lissafin kakannin mutane. Umma har yanzu ba ta sake da kai ba, amma ka bar ni da ita."

A bakin layinmu akwai mai kemis da ya daɗe yana son ta, Malam bai taɓa ba shi fuska ba. Sai ga shi ya tsiri zuwa auna mini jini ba tare da na kira shi ba. Yana naɗa mini abin awon a hannu yana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, ku yi hankali da masu yawo da jaka. Yau su rubuta sunan kakanka, gobe ka ji an ce gonar ba taku ba ce. Kuma duk gari an san takardun Malam yake hari. In ya samu, ko ƙurarsa ba za ku gani ba. Kai, jinin nan ya hau fa."

Na san dalilinsa na faɗa. Amma maganar ta zo daidai da abin da nake son ji, sai na riƙe ta.

Na ce wa 'Yar Baba kada ya sake zama mini a benci.

"Umma, me ya yi?"

"Tambaya ta yi masa yawa."

"Aikinsa ne fa!"

"Shi ya sa."

"Baba yana son sa. Da Baba na nan..."

"Baba ba ya nan. Ni ce nake nan."

Ta kalle ni, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba sai ranar.

Shi bai san an yi ba. Kashegari ya zo da fara'arsa, ya ce yana da abin da zai nuna mini da zai faranta mini rai. Ya miƙo waya. Hoton bakin rijiya ne, an yi rubutu da ƙusa a jikin siminti tun yana ɗanye. Na bi harafin ɗaya bayan ɗaya. Sunan ubanta ne, da shekara a ƙasa.

"Masu haƙa rijiya haka suke yi, Umma," in ji shi. "In sun gama sai su sa suna kafin simintin ya bushe. Malam ne ya ba ni aikin, sati biyu kafin rasuwarsa. Ya ce in nemo masa dangin mai wannan sunan, wai mai haƙa rijiya ne, bai gaya mini dalili ba. Ba ya cikin wata takarda da na gani, sai na ce bari in bi rijiyoyi. Wannan ce ta huɗu. Ina son in cika masa alkawarin."

Na mayar masa da wayar. Ni abin da na ji shi ne, na san sirrinki, ki ba ni littafin. Kuma ya rasa wanda zai jingina wa sai mamaci.

Na ce, "Ka bar Malam ya kwanta. Tashi ka fita mini daga gida."

Ya tashi yana kallona kamar wanda aka mara bai san laifinsa ba. Takalminsa ma a hannu ya fita da su.

Suka ci gaba da waya, ina sane. Sai kuma rana ɗaya ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kwana tara ba kira, ba saƙo. Na ga nata a jere a wayar, ba amsa:

"Mai Fensir, lafiya?"

"In fushin Umma ne, ni me na yi?"

"Ko biron ne ya ƙare?"

Mai kemis ya zo ya ce an gan shi can wani ƙauye mai nisa yana shiga wani gida kamar nasu, ai dama irinsu kowane gari da matarsu. 'Yar Baba ta ji daga ɗaki. Ta daina cin abinci sosai, tana tafiya makaranta ido a kumbure. Kwana biyun farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya in na ga ta zauna ta ƙura wa wayar ido, sai in ji kamar ni na sa mata ciwon da hannuna. Ni ɗin ce kuwa.

Rana ta goma da safe, bayan ta tafi aiki, ya yi sallama. Ya rame, wuyansa ya yi baƙi da rana. Ya durƙusa nesa da ni, ya buɗe littafin aikinsa ya tura mini.

"Ku fara duba wannan, Umma."

Sunan ne dai, amma da hannun Malam. Na san rubutunsa ko cikin dubu, yadda yake kwantar da haruffa kamar iska ta kaɗa su. A ƙasa ya sa: "A nemo ɗan'uwansa namiji." Ashe da gaske ne. Ashe Malam ya fara shirin abin da ya ce zai yi, bai gaya mini ba don ya san zan hana.

"Rijiya goma sha ɗaya na bi," in ji yaron. "Ukun ƙarshe suna biyu ne a jiki, shi da ƙanensa. Na sami ƙanen, yana raye, ya tsufa. Ya ce yayansa ya bar ciki, an haifi mace, yayar matar ce ta ɗauke ta, matar wani malamin rajista. Ya ce ya taɓa nemanku aka ce kun tashi." Ya ɗago ya kalle ni. "Wallahi ranar da na nuna muku hoton ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Sai me?"

"Baki ɗaya ne, da fensir na rubuta. Baki na biyu naku ne. In kun ce in goge, yanzu zan goge, ba zai shiga laburare ba. Amma na kasa amsa mata saƙo. Ba zan iya zama ina yi mata wasa ina riƙe da abin da ba ta sani ba a kan kanta. Kuma ba zan iya neman aurenta wajen wanda ba shi ne waliyyinta ba."

Har lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Na tashi na buɗe akwati, na ɗauko littafin na dire a gabansa.

"Ga abin da ya kawo ka gidan nan. Ɗauki ka cike jerinka, ka bar mini 'yata."

Ko kallon littafin bai yi ba.

"Ku mayar da shi, Umma. Jerin ya zauna da giɓinsa. Ni ita nake nema, kuma a hannunku nake nema, ko da wani ne zai ba da auren. Ku kuka goya ta."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da masinja ya zo. Ya bar ni na yi. Da na gama na ce ya tafi, ni zan gaya mata.

Ta dawo da azahar. Na bari ta yi salla, na kira ta, na buɗe mata shafin na sa yatsa a kan layin. Ta karanta ranar haihuwarta, ta karanta sunan uwa, ta karanta sunan uba. A gurbin ƙarin bayani Malam ya rubuta: "Tana hannun yayar uwarta." Ta karanta ta sake karantawa. Na ba ta labarin duka, ban rage ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Shekara ashirin da huɗu."

"Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Kada ki daina zama tawa."

Ta tashi ta bar ni da littafin. Kwana biyu muna gida ɗaya, ta gaishe ni da "ina kwana" kawai, ba Umma a ciki. Abin da na daɗe ina gudu ya same ni, kuma na ga ban mutu ba, ciwo ne dai.

Rana ta uku ina wanke-wanke ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki kwano tana ɗauraya.

"Kin san abin da ya fi yi mini zafi? Ba ɓoyewar ba. Mace ta mutu a dalilin haihuwata, ban taɓa yi mata addu'a ko sau ɗaya ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Yaya kamanninta?"

"Ki duba madubi. Har taurin kan."

"Taurin kan naki ne, Umma. Kada ki ɗora wa baiwar Allah."

Kwanon da ke hannuna ya kuɓuce cikin ruwa. Ta ce Umma.

Shi ma bai tsira ba. Wannan karon ita ta karanta mini saƙonnin da kanta, ta ce ai ta san ina dubawa, kullum sai ta tarar da wayar a kife.

Ta rubuta: "Ka san ni kafin in san kaina, ka bar ni kwana tara ina zargin ka da mata a ƙauye."

Ya amsa: "Maganar ba tawa ba ce da zan faɗa, Malamata. Na zaɓi ki yi fushi da ni a kan in yi miki ƙarya. Amma kwana taran nan ban san ɗanɗanon abinci ba."

Ta ce: "Ya yi maka kyau. Ka samo mota ranar Asabar. Za ka kai mu ni da Umma mu ga rijiyar."

Muka je. Ta tsuguna ta bi sunan da yatsa, matan da ke jan ruwa suna kallonmu. Ta roƙi guga ta ja da kanta, ta sha, ta ba ni. Daga nan muka wuce gidan baffan nata. Tsoho ne ɗan siriri, yana gyaran igiya a ƙofar gida. Bai jira an gabatar ba. Ya ga yadda ta miƙa hannun hagu za ta gyara mayafi, ya saki igiyar ya ce, "Bahaguwa ce? Haka yayana yake." Ya fashe da kuka. Da ya natsu ya juyo wajena. Na ɗauka zai yi faɗa. Ya ce, "Mu muka ba ku tsoka, kun dawo mana da mutum. Allah ya biya ki."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baffan ne ya ba da ita, yayan Malam yana zaune a gefensa. Ban bar kowa ya ji daga bakin wani ba, ni na gaya wa matan layinmu da kaina. An yi ƙus-ƙus na sati guda aka gaji. Mai kemis ya zo ɗaurin auren, ya zauna can baya, tun daga nan kuma bai sake damuwa da jinina ba.

Da za a tafi da ita suka durƙusa a gabana su biyu. Na dafa kansu na ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa kada su ɓoye wa juna komai ko da mai ciwo ne. Angon ya ce amin har sau uku. Ta ce masa, "Wannan da biro za ka rubuta." Aka yi dariya ana hawaye. Littafin kuwa ni na mayar da shi ofis da hannuna, na sa shi a gurbinsa.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Suna zuwa duk Asabar, ta fara nauyi. Kewar Malam ba ta ragu ba, ban kuma sa ran za ta ragu ba.

Shekara ashirin da huɗu sunan ƙanwata bai fito daga bakina ba, ko a addu'a a zuci nake yi, kada bango ya ji. Yanzu kullum in na idar da sallar asuba, sai in ambaci Malam, in ambaci mai rijiya, sannan in kira sunanta a fili, yadda nake kiran ta in ta yi nisa wajen wasa.